Ina Saurayi Zai Nufa Bayan La'asar?

Wannan shi ne jawabin da aka gabatar wa 'yan uwa matasa a wani zama na ƙara wa juna sani a birnin Kano, dangane da wuraren wasanni da na hutawa na samari a unguwanni. An ɗan taƙaita shi saboda ƙarancin fili. A sha karatu lafiya.

Godiya ta tabbata ga Allah (T), tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzonsa (S) da iyalan gidansa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. 

Maudu'in da za a tattauna a yau wani zai iya ganin kamar ƙaramin abu ne, har ma ya ce ana fama da tsadar abinci, ana fama da rashin tsaro da rashin aikin yi, wa yake ta filin ƙwallo? To, amma ga tambaya guda ɗaya wadda ya kamata kowa ya yi wa kansa. Idan aka sallame sallar la'asar, yaro ɗan shekara 15 ko 18 ya taso daga makaranta, ko daga garejin da yake koyon aiki, ko kuma dama ba ya zuwa ko'ina, ina zai nufa kafin magariba? Bayan isha'i kuma ina zai zauna, da wa zai zauna? In aka ƙaddara awa 3 ce kawai a kullum, to a shekara ta haura awa 1,000. Wannan lokaci kuwa ba ya zama haka nan fanko. In iyaye da malamai da hukuma ba su tanadi abin da zai cika shi ba, akwai waɗanda suke jira su cika shi, wato dillalin ƙwaya, da mai shagon caca, da uban daba, da ɗan siyasar da yake neman yaran da za su riƙe masa makami ranar zaɓe.

WASA BA LAIFI BA NE

Da farko akwai wata gurguwar fahimta da ya kamata a kawar. Wasu suna ɗauka cewa mutumin kirki shi ne wanda ba ya wasa, ba ya dariya, daga gida sai masallaci. Wannan ba shi ne abin da tarihi ya nuna ba. Ya tabbata cewa Manzon Allah (S) ya yi tseren gudu da iyalinsa, ya shirya sukuwar dawaki a Madina, ya ƙarfafa koyon harbi, ya kuma bar mutanen Habasha suka yi wasansu na masu a cikin masallacinsa ranar idi. Malamai kuma sun daɗe suna jan hankali cewa lafiya da sararin lokaci ni'imomi ne guda biyu da akasarin mutane suke tafka asara a kansu. Saboda haka abin tambaya shi ne wane irin wasa, a ina, tare da wa, kuma a ƙarƙashin idon wa. Jikin saurayi yana da ƙarfin da dole sai ya sami mafita. Ruwan da aka datse bai sami magudana ba, gidan mutane yake shiga.

YADDA ABIN YAKE A DA

Ƙasar Hausa ba ta taɓa barin samarinta sasakai ba. Kowane gari, kowace unguwa, akwai dandali. Da farin wata yara maza suna langa da kokawa da a-sha-ruwan-tsuntsaye, 'yan mata suna gaɗa da carafke a nasu ɓangaren, manya suna dara a gindin bishiya. Bayan kaka akwai dambe da kokawa da kalankuwa, da azumi kuma akwai tashe. Abin lura a nan shi ne tsari. Akwai sarkin samari wanda yake sasanta rigima, yake hukunta mai rashin kunya, yake kuma tara matasa aikin gayya in za a yi wa wani dattijo noma ko za a gyara hanya. Dandalin yana tsakiyar gari, duk abin da yaro ya yi a kan idon manya ya yi shi, kafin ya isa gida labari ya riga shi. Ba a ce duk abin da ake yi a dandali daidai ne ba, akwai abubuwan da malamai suka yi inkari a kansu tun a wancan lokaci. Amma dai al'umma ta yarda cewa samari suna da haƙƙin fili da lokaci, ta kuma naɗa wanda zai kula.

Ko da birni ya fara buɗewa, hukumomi ba su manta da wannan ba gaba ɗaya. A farkon shekarun 1970, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kafa gidan namun daji na Kano. Makarantun firamare da na sakandare da aka gina a wancan zamani kusan kowace da makeken filinta, ana gasar guje-guje da tsalle-tsalle tsakanin gidajen ɗalibai, ana ƙungiyar sikawut, ana muhawara da kacici-kacici tsakanin makarantu. Da yamma yaran unguwa su shiga filin makarantar su buga ƙwallonsu, ba mai korarsu.

INA FILAYEN SUKA TAFI?

A ƙidayar 1963 mutanen birnin Kano ba su kai dubu 300 ba. A wannan shekarar ce tsarin raya birnin na shekara 20, wanda aka fi sani da tsarin Trevallion, ya soma, aka tsara shi ya kai 1983. Zuwa ƙidayar 2006, ƙananan hukumomi 8 na birni da kewaye, wato Birni, Dala, Fagge, Gwale, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, sun tara mutum kimanin miliyan 2 da dubu 800, jihar baki ɗaya kuma sama da miliyan 9. Daga 2006 zuwa yau kowa ya ga yadda gari ya ci gonaki ta kowace kusurwa.

To, mutane sun ninka, amma filin wasa bai ninka ba, raguwa ma ya yi. A sababbin unguwannin da ake kira awon igiya, mai gona ne yake yanka gonarsa ya sayar, kuma ba zai bar taku ɗaya ba tare da ya karɓi kuɗinsa ba. Hanyar mota ma da ƙyar ake bari, balle filin yara. A tsofaffin unguwanni kuwa, an cike kududdufai an yi gini, an ci badala an yi gini, an kewaye makarantu da shaguna, filin da ake ƙwallo jiya yau an wayi gari an zuba masa bulo da yashi, aka ce wani ya zo da takarda. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun Gwamna a matsayin amana domin amfanin jama'a. Ma'anar amana kuwa kowa ya san ta. Rigimar da aka yi a watan Yunin 2023, lokacin da gwamnatin jiha ta rushe gine-ginen da aka yi a Filin Sukuwa da Filin Idi bisa hujjar cewa filayen jama'a ne aka sayar, masu shaguna kuma suka garzaya kotu suna kukan asarar dukiyarsu, ta isa ta nuna irin darajar da fili yake da ita a garin nan. Duk wanda ke da baki ya yi magana a wannan rigima, 'yan kasuwa sun yi, 'yan siyasa sun yi, lauyoyi sun yi. Yaron da aka ƙwace wa wurin wasa shi ne ba shi da lauya.

Wani zai ce ai ga filin wasa na Sani Abacha a Ƙofar Mata, wanda aka buga gasar matasa ta duniya a cikinsa a 1999, aka buga gasar cin kofin Afirka a 2000, aka kuma buga ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Haka ne, kuma abin alfahari ne, kamar yadda Kano Pillars da aka kafa a 1990 ta zama abin alfahari da ta ci kofin ƙasa a 2008, ta sake ci sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. Sai dai a irin wannan fili mutum 22 ne suke gudu, dubbai suna zaune suna kallo. Yaron da yake Rijiyar Zaki ko Ɗorayi ko Rimin Kebe ba zai biya kuɗin mota kullum ya je Ƙofar Mata ba, in ma ya je ba za a buɗe masa ya buga ba. Abin da yake buƙata shi ne wurin da zai taka da ƙafa cikin minti 10, ya motsa jikinsa, ya ji kiran magariba ya dawo.

WANDA YA CIKE GURBIN

Da dandali ya mutu, filin makaranta ya rufe, saurayi bai daina neman wurin zama ba. Ya koma bakin titi, ya koma kango, ya koma gidan kallon ƙwallo, ya koma cikin wayarsa. Ita kanta kalmar daba asalinta wurin zaman ƙungiya take nufi, kuma masu binciken tarihinta a Kano sun danganta ta da 'yan farauta da 'yan tauri, sannan da 'yan bangar siyasa tun zamanin NEPU da NPC a shekarun 1950. Abin da daba take bai wa yaro shi ne wurin zuwa, da abokai, da shugaba, da suna, da jin cewa shi ma wani ne. Duk waɗannan buƙatu ne na gaskiya, wanda ya biya masa su shi ne mugu. Daga nan sai faɗan unguwa da unguwa, sai ƙwacen waya, sai a ji an soke ɗan mutane a kan abin da bai taka kara ya karya ba, wal'iyazu billah.

Ga kuma shaye-shaye. A watan Afrilun 2018 BBC ta fitar da wani bincike a kan yadda maganin tari mai kodin yake halaka matasa, har da abin da aka ɗauko a nan Kano, kuma a farkon watan Mayun shekarar gwamnatin tarayya ta hana yin sa da shigo da shi. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa, wanda aka bayyana a farkon 2019, ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya cikin shekara guda, kuma sama da miliyan guda daga cikinsu a jihar Kano suke. Sannan ga cacar ƙwallo. A 2024 Hisba ta rufe shagunan caca da dama a cikin gari, to amma cacar tana cikin waya, a aljihun yaro, yana kwana da ita yana tashi da ita.

A nan akwai abin da ya kamata masu wa'azi da masu hukunci su tsaya su yi wa nazari. Hani wajibi ne, kame ma yana da muhallinsa. Amma in aka ce wa yaro kar ya zauna a nan, kar ya je can, kar ya kalli wancan, ba a nuna masa inda zai je ba, to an kore shi ne daga inda ake ganinsa zuwa inda ba a ganinsa. An hana kodin, yara sun koma wasu ƙwayoyin. Wanda ya rufe ƙofa ɗaya, sai ya buɗe wata.

DARASI DAGA WASU ƘASASHE

Ba laifi ba ne a dubi abin da wasu suka gwada. Ƙasar Aisland, wani tsibiri ne a arewacin Turai. A 1998 bincike ya nuna kashi 42 cikin 100 na yaransu 'yan shekara 15 zuwa 16 sun yi maye da giya a cikin wata guda kafin a tambaye su, kashi 23 kuma suna shan taba kullum. Sai suka haɗa abubuwa da dama lokaci guda. Suka sa dokar hana 'yan shekara 13 zuwa 16 yawon dare bayan ƙarfe 10 a lokacin sanyi. Suka sa iyaye suna haɗuwa suna ƙulla yarjejeniya a kan tarbiyyar 'ya'yansu. Suka zuba kuɗi a ƙungiyoyin wasanni da na koyon fasaha waɗanda ƙwararrun manya suke kula da su, har babban birninsu ya fito da wani kati a 2007 wanda yake biya wa kowane yaro wani kaso na kuɗin shiga irin waɗannan wurare. Zuwa 2016 masu maye sun dawo kashi 5, masu taba kashi 3. Gaskiya ne su masu arziki ne, kuma ba su da yawa, don a 2006 mutanen ƙaramar hukumar Dala kaɗai sun fi na ƙasar tasu baki ɗaya. To, amma wannan ma darasi ne, yana nuna cewa aikin na matakin unguwa ne da ƙaramar hukuma, kuma ginshiƙansa uku ne: doka, da iyaye, da wurin zuwa.

A ɗaya ɓangaren kuma ga Ingila. Tsakanin 2010 da 2019 kuɗin da ƙananan hukumominsu suke kashewa a kan hidimar matasa ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 saboda tsuke bakin aljihu, aka rufe cibiyoyin matasa masu yawa. Binciken da aka yi a Landan daga baya ya nuna cewa yaran da aka rufe cibiyar da ke kusa da su sun ja baya a jarrabawa, sun kuma fi faɗawa cikin aikata laifi. Abin da aka ƙi kashewa a filin wasa, sai aka koma ana kashe shi a kan 'yan sanda da gidan yari.

HAƘƘIN WANE NE?

Ya kamata kowane ɗan uwa ya san wannan, domin idan ya je gaban shugaban ƙaramar hukuma ya san cewa ba bara ya je yi ba. Jadawali na 4 na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, kuma a cikinsu akwai samarwa da kula da wuraren shaƙatawa da lambuna da filayen da ake bari domin jama'a, a jere ɗaya da tituna da fitilun kan hanya da magudanan ruwa. A ranar 11 ga Yulin 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa kuɗin ƙananan hukumomi daga asusun tarayya nasu ne, a ba su kai tsaye. Kano tana da ƙananan hukumomi 44, kowace da kansiloli, kowace da kasafin kuɗi. Ga ma'aikatar matasa da wasanni, ga hukumar tsara birane ta KNUPDA wadda ita ce take da alhakin taswirar unguwanni. Saboda haka akwai ƙofofin da za a ƙwanƙwasa, kuma akwai hujjar ƙwanƙwasa su.

Masu hali ma suna da nasu kason. Wakafi bai tsaya a kan masallaci da rijiya ba. Unguwar da take da masallatai biyar a layi ɗaya amma ba ta da inda yaro zai yi gudu, ko ɗakin da zai zauna ya karanta littafi, attajirin da ya sayi fili ya tsayar da shi domin yaran unguwa ya yi sadaka mai gudana, da yardar Allah.

ABIN DA YA RAGE GA SAMARI

Jiran hukuma kaɗai ba zai fisshe da kowa ba. Ga wasu matakai waɗanda ba su fi ƙarfin samarin kowace unguwa ba.

Na ɗaya, a san abin da ake da shi. A zaga unguwa da takarda da biro, a rubuta duk wani fili da ya rage, na makaranta ne, na hukuma ne, ko na wani ne, a kuma bincika matsayinsa a wajen mai unguwa da dagaci da hukumar tsara birane. Fili ba ya ɓacewa rana ɗaya, ana fara jin ƙishin-ƙishin tukuna. Wanda ya san matsayin fili tun da wuri shi ne yake iya kare shi.

Na biyu, a tafi a ƙungiyance, da dattawa a gaba, da takarda a rubuce, a ajiye kwafi. Ba da hayaniya ba, ba da jifa ba. Mutum ɗaya ana iya sallamarsa da alkawari, amma unguwa guda da limaminta da mai unguwarta ba a sallamarta haka nan.

Na uku, a nemi yarjejeniya da shugabannin makarantu da kwamitocin iyaye, a buɗe filin makaranta bayan an tashi, su kuma samari su ɗauki nauyin tsaronsa da shararsa, duk abin da ya lalace su gyara. Da yawan shugabannin makarantu tsoron ɓarna ne yake sa su kulle ƙofa.

Na huɗu, a sa doka kuma a tsaya a kanta. Da an kira salla wasa ya tsaya. Ba caca, ba ashar, ba makami, ba ƙwaya. A ware wa ƙanana lokacinsu, kar manya su danne su. A sami babba mai mutunci wanda kullum yana wurin, domin fili ba mai kula shi ma daba ne. Wanda ya taɓa shaye-shaye ya zo yana son shiga, a karɓe shi bisa sharaɗi, don dama irinsa ake nema.

Na biyar, kar a taƙaita a kan ƙwallo. Wani yaron gudu ne nasa, wani kokawa, wani dara, wani karatu. Shago ɗaya da benci huɗu da fitila mai aiki da hasken rana ya isa ya zama ɗakin karatu da muhawara da koyar da darasin jarrabawa, inda wanda ya yi gaba zai ja na baya. Wanda ya iya gyaran waya ko ɗinki ko kwamfuta ya ba da awa 2 a mako. Kafin damina a fito aikin gayya a yashe magudanan ruwa. Sannan a tuna da ƙanne mata, waɗanda su dandalinsu ya mutu gaba ɗaya ba a ba su komai a madadinsa ba. Makaranta mai katanga, da malamai mata masu kula, da rana tasu ta musamman, ba abu ne mai wuya ba.

Na shida, a yi hattara da kuɗi da kuma 'yan siyasa. A riƙa karo-karo kowane mako komai ƙanƙantarsa, a rubuta shige da fice, a karanta wa kowa a bainar jama'a, don rashin wannan ne ya kashe ƙungiyoyi da yawa. Gasar cin kofin ɗan takara kuwa, wadda take bayyana wata uku kafin zaɓe da riguna masu hotonsa, ta ɓace washegarin zaɓe, kowa ya san ta. Wanda yake son taimakon matasa da gaske, a ce masa ya taimaka a sami takardar fili da sunan al'umma, wadda za ta rage ko ya ci ko ya faɗi.

'Yan uwa, kowane ɗaya a wannan zama yana da ƙane ko ɗan maƙwabci wanda yake kan gaɓa, bai faɗa ba tukuna, amma kullum yana wuce majalisar da ake miƙa masa abu. Yaron nan ba lacca kawai yake buƙata ba, yana buƙatar wanda zai ce masa gobe bayan la'asar ya zo wuri kaza ana jiransa. In aka tashi daga nan, samarin kowace unguwa su sa ranar da za su fara zagayen filayensu, kar ta wuce mako mai zuwa.

Allah (T) Ya shirya matasa, Ya kare su daga sharrin masu amfani da su, Ya ba shugabanni ikon riƙe amana, Ya sanya albarka a lokaci da lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi ta'ala wa barakatuhu.